Yadda Mai Kiwon Kyanwa, Kare Ko Tantabaru Zai Samu Gidan Haya Ba Tare Da Rigima Ba

Wata tambayar da masu kiwon dabbobin gida suke yawan yi ita ce yadda mutum zai samu gidan haya alhali yana da kyanwa, ko kare, ko ɗakin tantabaru, kuma duk dillalin da ya tuntuɓa sai ya ce mai gida ba zai yarda ba. Wasu kan ɓoye dabbar har sai sun tare, wasu kuma kan kai ta kasuwa ko bakin bola su yar, kuma duka hanyoyin biyu ba su da kyau. Matakan da ke ƙasa sun shafi Kano da Kaduna da Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita, inda aka saba biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, wanda hakan ke sa kuskure ɗaya ya ci wa mutum kuɗin wata goma sha biyu.

1. Fara nema da wuri

Wanda ba shi da dabba yana iya samun gida cikin mako biyu ko uku, amma kai gidajen da za su karɓe ka ba su da yawa, don haka ka fara nema tun ana saura wata uku wa'adinka ya cika. Ka ɗauko takardar yarjejeniyar gidan da kake ciki ka duba ranar da za ta ƙare, sannan ka sanar da mai gidan cewa kana shirin tashi.

Gargaɗi: mai neman gida cikin gaggawa shi ne yake karɓar alkawarin baki daga dillali, domin ba shi da lokacin da zai nemi ganin mai gida.

2. Daidaita irin gidan da irin dabbar

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, ka zauna ka rubuta abin da kake da shi: wace dabba ce, guda nawa ce, a ina take kwana, kuma me take yi wanda zai iya damun wani. Wannan lissafin shi zai nuna maka gidajen da bai kamata ka ɓata kuɗin mota zuwa duba su ba.

Kyanwa ita ce mafi sauƙi, domin mutanenmu ba sa ƙyamarta, da yawa ma suna murna da ita saboda ɓeraye. Tana iya zama a ciki da falo ko a fulat, matuƙar akwai wurin da za a ajiye mata kaskon yashi. Matsalarta tana tasowa ne a gidan da ake haɗa tsakar gida da madafa, inda za ta buɗe tukunyar wata, ko ta yi kashi a yashin da wani ya sauke don gini, ko ta kama ɗan tsakon maƙwabciya.

Kare kuwa shi ne mafi wahala, kuma gara ka san haka tun farko. A unguwannin da Musulmi suka fi yawa, ana karɓar kare ne a matsayin mai gadi, ko na farauta, ko na kiwo, ba a matsayin abokin zama a cikin ɗaki ba, kuma maƙwabcin da yake shanya tabarmar sallarsa a tsakar gida ba zai yarda kare ya riƙa ratsawa ta wurin ba. A ganina bai kamata mai kare ya nemi gidan da ake haɗa tsakar gida ba kwata-kwata, ko da mai gidan ya ce babu komai. Abin da ya dace da shi gida ne mai katangarsa da ƙofarsa shi kaɗai. A Kano an fi samun irin wannan sassaucin a wurare kamar Bompai da Nassarawa da Sabon Gari fiye da cikin ƙwaryar birni, a Kaduna kuma a Barnawa da Malali da Unguwar Rimi ta masu manyan gidaje. A Abuja da yawa daga rukunin gidajen da ke Gwarinpa da Lokogoma da Lugbe suna da ƙungiyar mazauna da ke da dokokinta a rubuce, kuma wani lokaci dokar ƙungiyar tana hana abin da mai gida ya yarda da shi.

Tantabaru suna buƙatar sarari a sama da wuri a ƙasa. Abin da masu gidaje ke tsoro game da su shi ne kashi a kan rufi da jikin bango, da shiga cikin silin su yi sheƙa, da ɓata shanyar maƙwabta. Zomaye da kaji da awaki da tumaki kuma, ko da kai ka ɗauke su abin sha'awa, mai gida kiwo ya ɗauke su, kuma wari da ƙuda yake tunani. Waɗannan sun fi dacewa da gidajen bakin gari masu fili, irin na Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Gunduwawa a Kano, ko na Suleja da Zuba da Mararaba ga mai aiki a Abuja.

Gargaɗi: izinin ɗaure ragon layya na mako biyu daban, izinin kafa turke na shekara daban. Kada ka ga an ɗaure rago a gida ka ɗauka cewa an yarda da kiwo a cikinsa.

3. Kai dabbar asibiti ka karɓo kati

Wannan mataki ya kamata ya riga ganin mai gida, domin kati daga likitan dabbobi ya fi kowace rantsuwa tasiri. Ka kai karenka ko kyanwarka asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko na kuɗi, ko asibitin koyarwa na jami'a kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Abu na farko shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi wa dabba tana da wata uku, kuma a nan ƙasar ake sabunta ta duk shekara. Kyanwa ma tana ɗaukar wannan ciwo, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. Ka tabbatar an rubuta ranar allurar a kati, da sa hannun likita da tambarin asibitin. Ka nemi a ba ta maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma, domin kaska tana shiga tsagar bango ta yi ƙwai, kuma fitar da ita daga gida aiki ne babba.

Ina ba da shawara mai ƙarfi a yi wa kyanwa aikin hana haihuwa kafin a tashi. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, don haka wanda ya shiga gida da izinin kyanwa ɗaya yana iya wayar gari da takwas kafin wa'adinsa ya cika. Mace idan ta shiga lokacin neman namiji tana kwana tana kuka, muzurai na taruwa a kan katanga, namijin da ba a dandaƙe ba kuma yana fesa fitsari a jikin bango da labule, kuma wannan warin ne yake sa a riƙe wa mutum kuɗin ajiyar da ya ba mai gida domin gyaran ɓarna.

Gargaɗi: kada ka sayi allura a kasuwa ka ba wani yaro ya yi. Rigakafin da ya sha zafi ya lalace, kuma babu katin da za ka nuna ranar da aka ce dabbarka ta ciji wani.

4. Lissafa kuɗin gaba ɗaya

Kuɗin haya ba shi kaɗai za ka biya ba. La'adar dillali galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara, ko da yake a Kano akan sasanta ƙasa da haka. A Abuja da manyan unguwannin Kaduna akan ƙara kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, wanda yakan kama daga kashi 5 zuwa 10, sai kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, sai kuɗin hidima na shara da gadi idan cikin rukunin gidaje ne. A matsayin misali, gidan Naira 800,000 da aka ɗora wa kashi 10 na dillali da kashi 10 na lauya ya zama Naira 960,000 kafin a yi maganar ajiya.

A kan wannan kai za ka ƙara naka: keji ko ɗakin kare, ragar tagogi mai ƙarfi, feshin gida kafin shiga da bayan fita, da ɗan ƙarin ajiyar da za ka iya miƙa wa mai gida idan ya nuna shakka. Ka ware wannan ƙarin a gefe, amma kada ka ambata shi sai an zo mataki na gaba.

5. Gaya wa dillali gaskiya, amma ka nemi ganin mai gida

Tun a kiran farko ka gaya wa dillali abin da kake da shi da adadinsa, kuma ka ce masa kada ya kai ka gidan da bai tambayi mai shi ba. Ka yi haka da dillalai uku ko huɗu a unguwanni daban-daban, sannan ka baza maganar a inda masu irin dabbarka suke haɗuwa: wurin likitan dabbobi, shagon masu sayar da abincinsu, majalisar 'yan tantabara, da zaurukan WhatsApp na unguwa ko na wurin aiki. Sau da yawa gidan da ya dace yana fitowa ne ta bakin wani mai kare da zai tashi, wanda mai gidansa ya riga ya saba.

Dillali la'ada yake nema, kuma da zarar ya karɓa ya gama da kai. Idan ya ce maka ka shiga kawai, mai gidan yana Legas, ba zai sani ba, to ka sani cewa mai kula da gidan ko maƙwabci zai sanar da shi cikin mako guda. Don haka ka dage sai ka yi magana da mai gida da kansa, ko lauyansa, ko wakilin da yake da ikon sa hannu. Idan gidan na magada ne, ka tambayi wanda suka wakilta, domin yardar ɗaya daga cikinsu ba ta hana wani zuwa ya ce shi bai yarda ba.

Idan kun haɗu, bayan gaisuwa, kada ka fara da roƙo. Ka kawo maganar da kanka kafin a tambaye ka, misali ka ce: «Alhaji, akwai abin da nake so in sanar da kai kafin mu yi maganar kuɗi. Ina da kyanwa guda biyu, an yi musu allura, ga katinsu, kuma ba sa haihuwa. Idan sun ɓata wani abu a gidan, gyaransa a kaina yake, kuma ina so a rubuta haka.» Idan Hajiya ce mai gidan, yana da kyau matarka ko wata babba daga danginka ta kasance a wurin. Ka riƙe lambar wayar tsohon mai gidanka, bayan ka nemi izininsa, domin shaidarsa cewa ka bar masa gida da tsabta tana da nauyi ƙwarai.

Idan ya ce a'a, ka tambaye shi cikin ladabi abin da yake gudu. Idan ɓarna ce, nan ne za ka kawo maganar ƙarin ajiya da alkawarin fenti da feshi ranar tashi. Idan ƙara ce, ka bayyana masa inda dabbar take kwana. Idan kuwa ya ce dalilinsa na addini ne, ko yana zaune a gidan da iyalinsa kuma ba sa so, ka yi masa godiya ka nemi wani wuri, domin yardar da aka samu da matsi ba ta kai ƙarshen shekara.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗin haya ko na kafin alƙalami ga wanda ya nuna maka hoto a Facebook ko WhatsApp da sunan gidan da aka yarda da dabbobi. Masu damfara sun san cewa kana cikin matsi, kuma da wannan suke kama mutane.

6. Duba gidan da idon mai dabba

Ka je sau biyu, da rana tsaka da kuma bayan magariba. Da rana ka duba inuwa, domin daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma kare ko zomo da aka kulle a ƙarƙashin kwano ba tare da iska ba yana iya mutuwa a wuni ɗaya. Ka zagaya katangar ka ga tsawonta, ka duba ƙarƙashin ƙofa ko akwai ratar da kare zai kutsa, ka duba rariyar da ruwa ke fita da murfin sokawe. Ka lura da inda ruwan wankin keji zai bi: idan zai ratsa ƙofar wani kafin ya kai kwata, rigima tana nan tafe. Ƙasan tayil ko siminti ya fi kafet, domin kafet yana riƙe wari da ƙuma. Idan bene ne, ka duba tazarar ƙarafan baranda, ka kuma duba ragar tagogi. Mai tantabaru ya ɗaga kai ya dubi bakin rufi ko akwai ɓular da za su shiga silin, ya kuma ga ko tankin ruwan sama yana da murfi.

Da daddare kuma za ka ji yadda unguwar take: ko akwai karnukan da ke yawo sake, ko janareton maƙwabci yana daidai inda za ka ajiye keji, ko yara suna taruwa a ƙofar gidan.

Ka ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki, musamman ƙofofi da raga da fenti, ka tura wa mai gida ko wakilinsa a ranar, domin kada a ɗora wa dabbarka ɓarnar da ka tarar.

7. Gaisa da maƙwabta kafin ka biya

Mai gida yana zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, maƙwabci kuwa kullum yana nan, kuma sau da yawa ƙorafin maƙwabta ne yake tashin mai dabba daga gida. Ka ƙwanƙwasa ƙofa ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da za ka zo da shi, ka tambaya ko akwai mai ciwon asma, ko yaro mai tsoron kare, ko mai kiwon kaji. Ka kuma tambaya ko ana zuba shinkafar ɓera a tsakar gida, domin guba ce da ke kashe kyanwa da kare, ko sun ci ta kai tsaye ko sun ci ɓeran da ya ci ta. Mai kare a unguwar gargajiya ya kai gaisuwa wurin mai unguwa, a cikin rukunin gidaje kuma ya nemi shugaban ƙungiyar mazauna ya karɓi kwafin dokokinsu.

8. Sa izinin a cikin yarjejeniya

Wannan shi ne matakin da duk sauran suka dogara a kansa. Yawancin takardun da lauyoyi ke bugawa suna ɗauke da sharaɗin cewa ɗan haya ba zai yi abin da zai takura wa maƙwabta ba, wasu kuma suna hana ajiye dabba ƙarara ba tare da rubutaccen izini ba. Ka karanta takardar daga farko har ƙarshe, idan da Turanci take kuma ba ka gamsu da fahimtarka ba, ka kai wa wanda ka amince da shi. Idan akwai layin da ya hana dabba, kada ka sa hannu don an ce maka rubutu ne kawai. A soke shi, kowa ya sa hannu a gefen sokewar, ko a sake buga takardar.

Sannan a ƙara sakin layi da zai ambaci irin dabbar da adadinta, da inda za a ajiye ta, da cewa an yarda ka kafa keji ko raga kuma za ka cire su ranar tashi. A rubuta adadin kuɗin ajiya, da abin da za a iya cirewa daga cikinsa, da kwanakin da za a mayar maka da ragowar bayan ka miƙa makulli. A kuma rubuta cewa idan an kawo ƙorafi za a sanar da kai a rubuce, a ba ka wa'adin gyara. A gidajen da ba a saba zuwa wurin lauya ba, takarda ɗaya da aka rubuta da Hausa, mai kwanan wata da sa hannun ku biyu da shaidu biyu, ta fi alkawarin baki nesa ba kusa ba. Ka biya ta banki zuwa asusun mai gida ko wanda ya ambata a rubuce, ka karɓi rasit, ka riƙe kwafinka.

Gargaɗi: izinin da aka ba kyanwa biyu bai haɗa da ta uku ba, kuma izinin kyanwa bai haɗa da kare ba. Duk ƙarin da za ka yi, ka koma ka nemi sabon izini.

9. Ranar tashi da makonnin farko

Ka yi feshin gidan kwanaki kafin ka kawo dabba, ka buɗe tagogi, ka wanke ƙasa, domin fiya-fiya da makamantansa suna kashe tsuntsaye da kyanwa. A ranar kwashe kaya ka kulle dabbar a ɗaki guda da ruwa, ita ce ta ƙarshe da za ta fita, cikin keji ko kwando mai iska, da sanyin safiya ko yamma, ba cikin buhu ko but ɗin mota ba.

Kyanwa ta zauna a cikin ɗaki aƙalla mako biyu kafin a bar ta ta leƙa waje, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gida. Tantabaru sun fi ta wannan hali, don haka a kulle su makonni, har su saba ko su yi ƙwai a sabon wurin, sannan a fara sakinsu da yamma kafin a ba su hatsi, domin yunwa ta dawo da su. Kare zai yi haushi fiye da yadda ya saba a kwanakin farko, saboda haka ka sanar da maƙwabta tun kafin su kawo ƙara, kuma kada ka fita da shi sai da igiya. Ka gaya wa mai ruwa da mai kwashe shara da almajirin gidan lokacin da karen yake sake.

10. Idan ƙorafi ko takardar tashi ta zo

Ka amsa ƙorafi a ranar da aka kawo shi, ka biya kazar da aka kama ko shanyar da aka ɓata ba tare da jayayya ba. Idan dabbarka ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti nan take, ka tafi da katin rigakafin, ka ɗauki nauyin magani, sannan ka kai dabbar likita ya sa mata ido.

Idan mai gida ya nemi ka tashi, dokar da ake aiki da ita a Abuja, wadda ta yi kama da ta jihohi da dama, ta tanadi cewa idan yarjejeniya ba ta ambaci wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku yana da wata uku, mai biyan shekara-shekara kuma yana da wata shida, bayan haka sai notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma idan takardarku ta yanke ranar ƙarewa, ko ta rage wa'adin notis, abin da kuka sa wa hannu shi zai yi aiki, kuma babu abin da zai tilasta wa mai gida ya sabunta maka. Ba shi da ikon cire rufi, ko kulle ƙofa, ko fitar maka da kaya ko dabba da ƙarfi ba tare da umarnin kotu ba. Idan aka kai nan, ka tattara yarjejeniyar da rasit da katin asibiti da hotunan ranar shiga ka kai wa lauya, kuma a ranar ka sake kiran dillalanka, domin wata ukun da kake buƙata na neman wani gidan sun fara ƙirguwa.